Yadda Za a Tsawaita Rayuwar Tsohuwar Laftof: Batir, Modem da Ƙarin Kayan Ciki

Mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai, malaman makaranta da masu shagunan buga takardu a garuruwanmu ba sababbi aka saye su ba. Na gwanjo ne, waɗanda ma'aikatu da kamfanoni a Turai da Amurka suka yi aiki da su na wasu shekaru, sannan aka tattara su aka shigo da su ta Legas, daga kasuwar Computer Village da ke Ikeja su bazu zuwa titin Beirut a Kano, da Banex a Abuja, da sauran kasuwanninmu. Lenovo ThinkPad T420 da X220, da HP EliteBook 8460p, da Dell Latitude E6420 duk sun fito ne a 2011, ƙannensu kuwa, wato T430, X230, 8470p da E6430, suka biyo baya a 2012. Sun haura shekara goma ke nan, amma har yanzu da su ake rubuta kundin kammala karatu, da su ake cike fom ɗin jarrabawa, da su kuma ake lissafin shago.

Dalilin da ya sa suka jure shi ne an ƙera su don a riƙa buɗe su ana gyarawa: batirinsu ana zare shi da hannu, faifan ajiyarsu yana bayan noti ɗaya ko kaɗan, kuma RAM ɗinsu, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a ciki, ba a liƙe yake da babban bod, wato allon da ke haɗa duk kayan ciki, ba. A iya abin da na gani, ba tsufa ne ke kashe irin waɗannan kwamfutoci ba. Zafi ne, da gurɓatacciyar wuta, da tsohon faifan ajiya mai juyawa. Don haka wanda yake da ɗan kuɗin da zai kashe wa tasa, abin da ya fi muhimmanci shi ne ya san abin da zai fara da shi, domin mutane da yawa suna fara sayen batir alhali kwamfutar tana shaƙe da ƙura, bayan wata uku sabon batirin ya bi sahun tsohon.

Kafin a sayi komai, a fara kwafe muhimman takardu da hotuna zuwa filash ko wani faifai na waje, sannan a tabbatar da cikakken sunan kwamfutar da lambarta. Ana samun wannan a takardar da ke manne a ƙarƙashinta ko a cikin ramin batir. Idan takardar ta goge, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta msinfo32, nan take za ta nuna sunanta, da irin furosesar da ke ciki, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da yawan RAM, da kuma ko Windows ɗin mai 32-bit ce ko mai 64-bit. Wannan lamba ita ce mutum zai riƙe a waya ko a takarda idan zai shiga kasuwa, saboda cewa mai shago “HP ce” kawai bai isa ba, kamfanin HP ya yi ɗaruruwan samfura waɗanda kayansu ba sa shiga juna.

Ƙura da zafi

Aikin farko bai buƙatar kuɗi mai yawa. A cikin laftof akwai ƙaramar fanka da ke hura iska ta tsakanin wasu siraran haƙoran ƙarfe, waɗanda bututun jan ƙarfe ke kawo musu zafin furosesa. Ƙurar hunturu tana taruwa ne daidai tsakanin fankar da haƙoran nan, inda ido ba ya gani daga waje. Ranar da na fara buɗe tawa bayan hunturu biyu, na zaro wani dunƙule mai launin toka, ya tauna ya haɗe kamar tsumman bargo, faɗinsa ya rufe mafitar iskar gaba ɗaya. Kafin nan fankar tana ta ƙara dare da rana, gefen hagu yana ƙona hannu, kwamfutar kuma tana mutuwa da kanta da tsakar rana a watan Afrilu. Furosesa idan zafinta ya kusa digiri 100 tana rage gudunta don ta kare kanta, idan abin ya ci gaba sai ta kashe kwamfutar, shi ya sa na'ura mai toshewar iska take nauyi ko da babu abin da ya lalace a cikinta.

A kashe kwamfutar, a cire caja, a zare batir, a danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, sannan mutum ya taɓa wani ƙarfe da hannunsa kafin ya taɓa kayan ciki. A HP 8460p da 8470p aikin yana da sauƙi ƙwarai, domin murfin ƙasan yana zamewa ne da sakata ba tare da an kwance noti ba, fankar kuma tana nan a fili. A ThinkPad T420 da T430 sai an ɗaga madannai da abin da ke kewaye da su kafin a kai gare ta. A share ƙurar da tsohon buroshin haƙori busasshe, a hura da abin hura iska, amma a riƙe fankar da yatsa kada iskar ta juya ta da ƙarfi. Ƙananan notin da aka kwance a jera su a kan farar takarda bisa tsarin da aka cire su, saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon noti a gajeren rami yana iya huda bod ko ya ɓullo ta saman roba.

Idan an riga an kai nan, yana da kyau a sabunta man da ke tsakanin furosesa da bututun jan ƙarfen, wanda bayan shekaru yake bushewa ya zama kamar busasshen alli. A goge tsohon da ƙyalle mai tsabta da ɗan sifirit, a ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar shinkafa, a mayar da ƙarfen a ɗaure notinsa bisa lambobin da aka rubuta a jikinsa. Wanda bai taɓa yi ba, gara ya kai wa mai gyara ya tsaya yana kallo a karon farko. Bayan haka sai kiyayewa: kada a ɗora laftof a kan katifa, dardumar ɗaki ko filo, domin ta ƙasa take shaƙar iska, kuma ko faranti ko guntun katako aka sa a ƙarƙashinta ya wadatar.

Faifan ajiya da RAM

Idan kuɗin da ke hannu na abu ɗaya ne kawai, to a sayi SSD, wato faifan ajiya na zamani. Tsohon faifai, wanda ake kira HDD, faranti ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da allura mai bin samansa tana neman bayanai, don haka yana da jinkiri kuma faɗuwa ɗaya tana iya kashe shi. SSD ba shi da abin da ke motsi a cikinsa. Wanda ake sa wa waɗannan kwamfutoci shi ne mai faɗin inci 2.5 mai bakin SATA, yana iya karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, inda tsohon faifai da ƙyar yake wuce 100, kuma bambancin ya fi haka nesa idan ana maganar buɗe ƙananan fayiloli masu yawa, wanda shi ne aikin da Windows ke yi a kowane lokaci. Kwamfutar da take ɗaukar minti biyu ko uku kafin ta gama tashi takan koma tashi cikin ƙasa da rabin minti. Ban da haka SSD ba ya cin wuta sosai, ba ya kuma ƙara zafi, ke nan batir ma ya samu sauƙi.

Mai girman 240GB ko 256GB ya ishi mai aikin rubutu da karatu. Kaurin yawancinsu milimita 7 ne, suna shiga ramin da aka yi wa faifai mai milimita 9.5, sai dai a ɗan tokare shi don kada ya riƙa motsi. Tsohon faifan kuma ba a yar da shi: ko a sa shi a ƙaramin akwatin USB ya zama ma'ajiyar waje, ko a cire na'urar DVD da ba a amfani da ita a sa shi a gurbinta ta hanyar wani gida da ake sayarwa don haka, wanda shi ma kauri biyu ne, milimita 12.7 da 9.5, sai a auna kafin a saya. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke nuna lafiyar faifai da yawan sa'o'in da ya yi yana aiki. Ina ba da shawarar a gwada duk SSD ɗin da za a saya da ita tun a shago, domin ana sayar da wanda ya sha aiki a cikin sabon kwali.

RAM shi ne abu na biyu. Mai 4GB yana wahala da burauzar zamani da zarar an buɗe shafuka biyar ko shida, 8GB kuwa ya isa kusan duk aikin yau da kullum, kuma samfuran 2011 da 2012 da na ambata suna da gurbi biyu, suna ɗaukar har 16GB. Inda ake yin kuskure shi ne wajen nau'i. DDR2, DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, domin tsagar da ke jikin haƙoransu ba wuri ɗaya take ba, don haka kada a taɓa danna RAM da ƙarfi. Amma akwai tarko mafi ɓoyuwa a cikin DDR3 kansa: wanda aka rubuta wa PC3 yana aiki da 1.5V, wanda aka rubuta wa PC3L kuma da 1.35V, siffarsu ɗaya, gurbinsu ɗaya. Kwamfutoci masu furosesar Intel zubi na huɗu, irin su HP EliteBook 840 G1 da ThinkPad T440, PC3L suke buƙata, idan aka sa musu PC3 galibi allon ba zai ko haska ba. Na zubi na biyu da na uku kuwa, irin samfuran 2011 da 2012 da na ambata, yawanci suna karɓar kowanne. Hanya mafi sauƙi ita ce a zaro wanda ke ciki a karanta takardar jikinsa, a nemo irinsa. Ana sa shi ne a karkace, a tura har haƙoran su shige, sannan a danna shi ƙasa har maƙallan gefe biyu su yi ƙas. A T420 da T430 gurbi ɗaya yana ƙasa bayan ƙaramin murfi, ɗayan yana ƙarƙashin madannai, mutane da yawa ba su san da na biyun ba. A tuna kuma cewa Windows mai 32-bit ba ta iya amfani da fiye da 4GB, duk yawan abin da aka ƙara mata.

Batir da caja

Nan ne aka fi asarar kuɗi, don haka zan ɗan tsawaita. Batirin tsohuwar laftof kwalin roba ne da ke ɗauke da ƙananan batura masu siffar gwangwani, ana kiransu 18650 saboda faɗinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Kowanne yana ba da kimanin 3.6V ko 3.7V, ana haɗa uku a jere su ba da 10.8V ko 11.1V da ake gani a rubuce a jikin batirin, mai ƙwaya shida layi biyu ke nan, mai ƙwaya tara layi uku. Tare da su akwai ɗan ƙaramin bod da ke lura da caji da zafi, yana kuma gaya wa kwamfuta kaso nawa ya rage. Irin wannan batir yana fara rauni a fili bayan an cika shi an sauke kimanin sau 300 zuwa 500, kuma abubuwa biyu ne ke gaggauta mutuwarsa: zafi, da zama a cike ƙwarai ko a ƙare ƙaf na dogon lokaci.

Kafin a yanke hukuncin cewa batir ya mutu, a tambayi kwamfutar. A Windows 10 a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoto ta faɗi inda ta ajiye shi. Lambobi biyu ne abin dubawa: Design Capacity, wato abin da batirin yake ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake ɗauka yanzu. Idan na biyun ya kai kashi 70 cikin ɗari na na farkon, batirin yana da sauran amfani. Idan ya faɗo ƙasa da rabi, lokacin canji ya yi. Wani lokaci kuma batirin yana nuna kashi 40 sai kwamfutar ta mutu farat ɗaya. Ana iya gwada cika shi, a bar shi ya sauka har ta mutu da kanta, a sake cika shi ba tare da katsewa ba, wannan yana daidaita lissafin ɗan bod ɗin, amma ba ya dawo da ƙarfin da ya riga ya tafi. Sanya batir a firiza da wasu ke yi ba ya farfaɗo da irin wannan batir, danshi kawai yake shigar masa.

Wajen sayen sabo, a duba lambar batirin da ƙarfin wutarsa da kuma adadin Wh da aka rubuta, domin shi ne ma'aunin abin da yake ɗauka. Misali, na T430 mai ƙwaya shida 57Wh ne, mai ƙwaya tara 94Wh. Masu ThinkPad su lura da wani abu: batirin T420 yana shiga T430 daram, yana ma iya kunna ta, amma ba za ta caja shi ba, saboda Lenovo ta sa wa samfuran 2012 tsarin tantance batir. Na T430 shi ne mai alamar 70+ ko 70++, na X230 kuma 44+ ko 44++. Sannan a ɗaga batirin a ji nauyinsa. Kowace ƙwaya ta gaske tana kai kimanin giram 45, don haka batir mai ƙwaya shida yana da nauyin da hannu zai shaida. Na taɓa sayen wani a wani shago saboda farashinsa ya yi ƙasa da na saura, kwalinsa mai kyau, tambarinsa kamar na asali. Makon farko yana kai awa biyu, kafin wata biyu ya koma minti ashirin, kuma da mai gyara ya fasa shi a gabana sai ga ƙwayoyi launi daban-daban, wasu da tabon tsohuwar walda a kansu, alamar daga matattun batura aka tsinto su. Araha ba ta ado. Tun daga nan sai na sa batir a kwamfutar a cikin shago, na ga ta karɓe shi tana caji, na fitar da rahoton nan, na kuma nemi a rubuta mini kwanakin garanti a rasit.

Akwai masu fasa batir su sauya ƙwayoyin ciki. Aiki ne mai yiwuwa a hannun ƙwararre mai injin walda na musamman da sababbin ƙwayoyi iri ɗaya, amma ban ga dalilin da mutum zai gwada shi a gida ba, domin dalma mai zafi a kan ƙwayar lithium tana iya sa ta kama da wuta, kuma ɗan bod ɗin wasu batura yana kulle kansa har abada da zarar an raba shi da ƙwayoyin. Garin neman gira kada a rasa ido. Haka nan duk batirin da ya kumbura, wanda a sirarun kwamfutoci ake gane shi idan wurin linzami ya taso ko murfin ƙasa ya buɗe, a cire shi nan take, kada a huda shi, kada a jefa shi a wuta ko a juji inda yara ke tsince-tsince.

Shawarar da ake yawan bayarwa cewa a cire batir idan ana aiki da wuta ba ta dace da yanayinmu ba. Inda ake ɗauke wuta ba sallama, batir shi ne ke hana kwamfutar mutuwa a tsakiyar aiki, kuma irin wannan mutuwar tana ɓata fayiloli. Abin da ya fi shi ne a iyakance cajin ya tsaya a kashi 80. Yawancin Dell Latitude suna da wannan zaɓi a cikin BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, ThinkPad kuma ta manhajar Lenovo ta kula da wuta, ko ta manhajar TLP ga masu amfani da Linux a madadin Windows. Idan za a ajiye kwamfutar makonni ba a taɓa ta ba, a bar batirin da kusan rabin caji a wuri mai sanyi, ba a cikin mota ko kusa da taga ba.

Caja ma tana kashe batir, tana kashe bod. A karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin kwamfutar: Dell 19.5V take so, Lenovo 20V, HP kuma 18.5V, 19V ko 19.5V bisa samfuri. Dole ƙarfin V ya dace, amma W zai iya fin abin da ake buƙata, wato caja mai 90W ba ta cutar da kwamfuta mai neman 65W, akasin haka ne ke sa caja ta yi zafi ta ƙone. Manyan bakunan cajar Dell da HP sun yi kama har suna shiga ramin juna, sai dai siririyar allurar da ke tsakiya tana aika saƙo daban, shi ya sa Dell idan ba ta gane cajar ba take ƙin caja batir, ta kuma rage gudun furosesa. Cajar jabu ana gane ta da rashin nauyi, da zafin da take yi, da yadda kibiyar linzami take tsalle-tsalle da kanta da zarar an jona ta. Cajar asali ta gwanjo ta fi sabuwar jabu. Idan za a tayar da janareta, a cire cajar daga soket sai injin ya daidaita, haka ma lokacin da aka dawo da wutar NEPA, a ɗan jira kafin a mayar. Masu sola kuma suna iya neman cajar da ke karɓar 12V kai tsaye daga batirin sola, wadda ke rage asarar da ake yi idan wutar ta bi ta inbata.

Akwai wani ɗan batir da ake mantawa da shi, mai kamar kwabo, 3V, galibi CR2032, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS. Idan kwamfuta tana tashi da kwanan watan shekarun baya, shafukan intanet suna ƙin buɗewa suna kukan rashin tsaro, to shi ne ya ƙare. A laftof yakan zo a naɗe da roba da 'yar waya mai baki, sai a nemi mai irin bakin.

Shiga intanet

Ƙaramin ramin da ke gefen wasu tsofaffin kwamfutoci, mai kama da na wayar intanet amma ya fi shi ƙanƙanta, na modem ɗin wayar tarho ne na zamanin 56k, ba shi da sauran amfani a yau. Modem ɗin USB na 3G kuwa, irin su Huawei E173 da E303 da suka yi tashe a da, suna aiki har yanzu amma gudunsu bai kai abin da shafukan yau ke buƙata ba. Wanda zai saya ya nemi na 4G, kamar Huawei E3372, wanda nau'insa na HiLink ba ya buƙatar a girka wata manhaja, ana sarrafa shi ne ta burauza a adireshin 192.168.8.1, kuma wannan ya sa yake aiki da Windows da Linux ba wahala. Tambayoyi biyu ake yi wa mai sayarwa: shin a buɗe yake ga kowane layi ko an kulle shi a kan kamfani ɗaya, sannan waɗanne zangunan 4G (band) yake kamawa. Na biyun yana da muhimmanci, domin 4G na Glo ya dogara sosai da zango na 28, wanda modem da yawa da aka yi wa kasuwar Turai ba su da shi. A sa layin a gwada a wurin. Idan sabis yana da rauni a cikin ɗaki, wayar ƙarin tsawo ta USB mai mita biyu ko uku da za ta kai modem ɗin bakin taga takan yi abin da sabon modem ba zai yi ba, tana kuma kare ramin USB daga karyewa idan an bangaji modem ɗin.

Wasu ThinkPad, Latitude da EliteBook suna da ramin sim a ƙarƙashin batir, amma ramin ba ya aiki sai akwai katin modem a ciki da wayoyin eriyarsa, kuma katunan wancan zamani galibi na 3G ne. A T420, T430, X220 da X230 gurbin katin yana karɓar ƙaramin SSD nau'in mSATA, kuma a ganina wannan ya fi amfani. Haka nan sauya katin Wi-Fi na ciki yana da tarko, domin Lenovo da HP na wancan lokaci suna ƙin tashi idan aka sa musu katin da ba ya cikin jerin da kamfanin ya amince da shi, ThinkPad takan nuna kuskure mai lamba 1802 ta tsaya. Ƙaramin Wi-Fi na USB, wanda bai fi farce girma ba, yana kauce wa wannan matsala gaba ɗaya.

Ga mafi yawan mutane, MiFi, wato ƙaramar na'ura mai batir da ake sa wa sim tana raba intanet ta Wi-Fi, ko wayar hannu sun fi modem ɗin USB sauƙi. Sai dai wayar da aka jona da kebul tana shan cajinta ne daga batirin laftof, don haka idan babu wuta gara a haɗa su ta Wi-Fi. MiFi kuma idan aka bar ta a jone da caja dare da rana batirinta yana kumbura. Ko da wacce hanya aka bi, a shiga saitin Network na Windows a kunna Metered connection ga wannan haɗin, in ba haka ba Windows za ta iya cinye datar wata guda a dare ɗaya tana sabunta kanta.

Wannan ya kawo mu ga manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 8.1 a Janairun 2023, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma a burauzar Chrome, zubi na 109 shi ne na ƙarshe da ke aiki a kan Windows 7. Windows 11 tana neman wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama, abin da babu ɗaya daga cikin kwamfutocin nan da ke da shi. Ana iya tilasta mata shiga ta wasu dabaru, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da aika wa irin wannan kwamfuta sabuntawa ba. Wanda aikinsa rubutu ne da bincike da kallon darussa, ina ganin Linux Mint nau'in Xfce ya fi masa kwanciyar hankali: kyauta ne, ba shi da nauyi, yana samun sabuntawar tsaro, yana zuwa da Firefox da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel, kuma yana da tsarin madannai na Hausa mai ƙ, ɗ da ɓ, kamar yadda Windows ma take da shi. Ana iya sa shi a filash ta manhajar Rufus ko Ventoy a gwada shi ba tare da an goge komai ba, a tabbatar Wi-Fi, sauti, modem da firinta duk suna aiki. Wanda kuma sana'arsa ta dogara da CorelDRAW ko wata manhajar da sai Windows, zai iya ci gaba da Windows 10, amma ya rage shiga intanet da ita, ya daina harkar banki a kanta, ya kuma guji manhajojin sata da ake kwafa daga filash zuwa filash.

Akwai inda ya kamata a tsaya. Madannai, allo, fanka, ramin caja da maƙallan murfi duk ana samun na gwanjo a sauya su, kuma maƙallin da ya fara tauri gara a sassauta shi da wuri kafin ya fasa robar da ke riƙe da shi. Amma idan bod ne ya sha ruwa, ko allon yana fitar da zane-zane saboda na'urar hoto ta lalace, ko kwamfutar ta zamanin DDR2 ce da ba ta wuce 4GB, ko kuma jimillar kuɗin gyara ta kusa kuɗin wata ta gwanjo da ta fi ta, to a haƙura da ita. A zare SSD ɗin, wanda zai shiga kowace kwamfuta mai gurbin SATA na inci 2.5, a zare RAM da caja idan za su dace da wadda za a saya, sannan a tabbatar ba a bar wani faifai mai ɗauke da takardun mutum a cikin gangar jikin ba kafin a sayar wa masu gyara su yi kayan gyara da ita.